Ƙyallen Tela Ba Shara Ba Ne

Duk shagon tela da ke Maijirgi, ko Tasawa, ko Mayahi, idan salla ta ƙarato za ka tarar da ƙyallaye jibge a ƙarƙashin keke: guntun atamfa, gefen shadda, ragowar yadi. Kaɗan ne ake cusawa a matashi, saura kuwa bola ko wuta. Alhali daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, gidaje da yawa na neman abin rufa. Ra'ayina shi ne waɗannan ƙyallaye sun isa a haɗa mayafi mai kauri da kyau, kuma aiki ne da mace ko namiji zai yi a gida don jin daɗi, da allura da zare kawai.

Masu cewa wannan sana'ar Turawa ce sun manta da lifidi. Mahayan sarakunan Kano da Katsina da Damagaram sun daɗe suna sanya wa kansu da dawakinsu rigar da aka cusa wa audugar rimi, aka bi ta da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya, sau da yawa kuma da yanki-yankin tufa masu launi daban-daban a samanta. Har yau ana ganinsa a hawan salla. Gwado da luru ma ai ƙwarya-ƙwarya masaƙi ke saƙa su, sannan a harhaɗa da allura. Dabarar ke nan: a jera ƙyallaye a sama, a sa tsohon zane ko auduga a tsakiya, a yi shafi a ƙasa, sai a ratsa duka ukun da ɗinki. Hannun Bahaushe ya san wannan tun kafin keken ɗinki ya shigo.

Babbar matsalar ita ce kunya. A wajenmu maho alamar rashi ce, kuma uwar amarya ba za ta so a ga haɗe-haɗe a gadon 'yarta ranar jere ba. Na fahimci wannan, amma ba ko'ina ake kallonsa haka ba. A Senegal, Baye Fall, mabiyan Shehu Ibrahima Fall a ɗariƙar Muridiyya, da tufafin haɗe-haɗe aka san su, kuma da alfahari suke sawa. Ansaru na Mahadin Sudan, a shekarun 1880, jibba mai maho suka ɗauka alamar zuhudu. A Amurka kuwa, matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi, da tsofaffin kayan gona suke ɗinka barguna don sanyi, har a 2002 aka baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na Houston da New York. Abin da ke raba tsumma da ado shi ne tsari: yadda aka zaɓi launi, aka daidaita yanka, aka miƙe ɗinki.

Wani zai ce bargon China na nan a kasuwa da araha, ga na gwanjo, me ya kawo wahalar makonni? Gaskiya ne, wanda ke son sayarwa don riba zai sha wuya da wannan gasa, shi ya sa ban kira shi hanyar arziki ba. Amma bayan an kai amfanin gona rumbu akwai sarari, kuma ƙyalle kusan kyauta ne. Bargon kasuwa na roba ne, tartsatsin murhu ɗaya na huda shi. Na auduga kuwa yana jure wanki, inda ya yage a ƙara masa wani ƙyalle. Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye: zanen goyon ɗan fari da ankon bikin ƙanwa su haɗu a shimfiɗa ɗaya.

Mai farawa ya wanke ƙyallayen tukuna, domin wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa. Kada ya gwama leshi ko yadi mai santsi da auduga, ɗinkin zai tattare. Ya fara da ƙaramin abu, kamar shimfiɗar jariri, ya yanka kwali guda ya riƙa auna kowane ƙyalle da shi, tazarar layin ɗinki kuma kada ta wuce yatsa biyu.