Me ya sa alƙiblar Omdurman ba gabas ba ce?

A ƙasar Hausa idan aka ce mutum ya fuskanci gabas, kowa ya san salla ake nufi. Amma baƙon da ya sauka Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman a Sudan, in ya shimfiɗa dardumarsa yana kallon mafitar rana, ya kauce wa Ka'aba da kimanin digiri 41. Lissafin da ke gano haka shi ne wanda masana falaki ke neman tauraro da shi.

Sama kamar ƙwarya ce da aka kife mana. A jikinta ake zana alwatika da wurare uku: ƙusar arewa da taurari ke kewayawa, saitin tsakar kan mai kallo, da tauraron da ake nema. Saboda jikin ƙwarya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, layukan sun lanƙwasa, kuma jimlar kusurwoyin takan haura digiri 180 da aka koya mana a aji. In an san nisan gari daga layin Ikwaita, da matsayin tauraron, da lokaci, lissafi zai faɗi ɓangaren da yake da kuma tsayinsa daga ƙasa.

Don neman alƙibla, sai a ƙaddara tauraro ya tsaya daidai saman Ka'aba. Omdurman tana digiri 15.6 arewa da Ikwaita, Makka tana 21.4, kuma tana gabas da Omdurman da kusan digiri 7.4. Amsar ita ce digiri 49 daga arewa zuwa gabas, wato arewa maso gabas. A Yamai digiri 72 ne, a Maraɗi 71, a Kano 68, shi ya sa kalmar gabas ba ta ba mu matsala sosai a gida. Tun ƙarni na 11 Al-Biruni ya yi irin wannan lissafi don garin Ghazna.

Wanda ba ya son lissafi, rana za ta yi masa. Takan tsaya saman Ka'aba ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 11:18 agogon Sudan (10:18 a Nijar), da 15 ko 16 ga Yuli da 11:27 (10:27 a Nijar). A kafa sanda a miƙe, a tsaya a ƙarshen inuwarta a kalli sandar. Nan ce alƙibla, sai a ja layi a ƙasa a ajiye.