Gwaji ɗaya, cututtuka da yawa: aikin ɗan jagora a ɗakin bincike

Da zarar zafin bazara ya kama, sai a soma jin labarin sanƙarau a garuruwanmu. A ajin kimiyya mun san cewa ba ƙwayar cuta ɗaya ce ke kawo shi ba. Akwai manyan bakteriya uku, kuma babbarsu ta kasu jinsi-jinsi: A, C, W, X da sauransu. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Rigakafin MenAfriVac da aka yi wa matasan Arewa na jinsin A ne kawai, amma annobar da ta ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017 ta jinsin C ce. Idan ba a tantance jinsin da wuri ba, ba za a san allurar da za a kai wa jama'a ba.

Ruwan da likita ke zuƙowa daga ƙashin bayan mara lafiya ɗan kaɗan ne, bai isa a yi ta raba shi ana gwaji ɗaya bayan ɗaya ba. A nan ne dabarar PCR take shigowa. Kary Mullis na Amurka ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ya kuma ci kyautar Nobel a 1993. Na'urar tana ɗumama samfur zuwa digiri 95 don zaren DNA ya rabu biyu, ta huce shi zuwa wajen 55 ko 60, sannan wani sinadari ya kwafi zaren. Kowane zagaye yana ninka adadin, zagaye 30 ya ba da kwafi wajen biliyan ɗaya. A 1988 masana suka nuna cewa ana iya neman wurare da yawa lokaci guda cikin kwalba ɗaya.

Sinadarin kwafin makaho ne, sai an yi masa jagora. Jagoran shi ne ɗan guntun zaren DNA mai haruffa 18 zuwa 30 da ake kira firaima, mu kuma bari mu kira shi ɗan jagora. Haruffan huɗu ne: A tana kama T, G tana kama C. Kowane wurin da ake nema yana buƙatar 'yan jagora biyu, ɗaya ta kowane gefe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kwalba ɗaya zafi ɗaya gare ta, don haka dole duk 'yan jagoran su manne a zafi kusan ɗaya. Akwai lissafin kimantawa mai sauƙi: a ba kowace A ko T maki 2, kowace G ko C maki 4. Ɗan jagora mai G da C goma, A da T goma, zai ba da digiri 60. Idan maƙwabcinsa ya tsaya a 50, ɗayansu zai yi aiki, ɗayan ya zama ɗan kallo. Shi ya sa ake so G da C su kasance kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na haruffan.

Matsala ta biyu ta fi ba mu sha'awa, domin lissafi ne zalla. Maimakon su nemi ƙwayar cutar, 'yan jagora biyu na iya manne wa juna, musamman ta wutsiyar da kwafi ke somawa. Sai na'ura ta yi ta kwafar shirme har kayan aiki su ƙare, sakamako ya fito wai babu cuta alhali tana nan. Mu ƙirga: neman wurare 3 na nufin 'yan jagora 6, kuma hanyoyin da za su haɗu bibbiyu 15 ne. Wurare 10, hanyoyi 190. Wurare 100, hanyoyi 19,900. Wa zai duba wannan da biro da takarda? Aikin ya koma hannun kwamfuta. Manhaja irin su Primer3 tana zaɓo 'yan jagora, BLAST kuma ta bincika ko za su kama DNA ɗin mutum ko na wata ƙwaya bisa kuskure. Duk da haka, a ganinmu hukuncin ƙarshe na kwalbar gwaji ne.

Don a rarrabe sakamako, kowane wuri ana ba shi launin haskensa, na'ura ta karanta.

Su ma ƙwayoyin cuta ba zama suke yi ba, suna sauya haruffansu. Saboda haka ake ɗora ɗan jagora a sashen da ba ya yawan canzawa. A ƙarshen 2020 wani sabon nau'in korona ya bayyana a Ingila, ya rasa haruffa 6 a sashen da ake kira S. Gwajin TaqPath, wanda ke neman wurare uku, ya daina ganin S, amma sauran biyun suka ci gaba da kama cutar. Masana suka mai da wannan giɓi alamar bin sawun sabon nau'in, kuma da Omikron ya ɓulla a Nuwamban 2021, da ita aka soma gane shi a ɗakunan gwaji.