Karatun Safarar Kaya a Ingila: Gaskiya da Ƙaryar Saƙon da ke Yawo

Wani saƙo ya karaɗe zaurukan WhatsApp na ’yan uwa da abokan karatunmu, yana tallar digiri na biyu a fannin tsara saye da safarar kaya tsakanin ƙasashe. A ƙarshensa akwai lambar wani dillali.

Saƙon ya ce fannin yana da muhimmanci, kuma wannan gaskiya ne. A nan ake koyon inda za a sayo kaya, yawan da za a ajiye, hanyar da za su bi da takardun kwastan. Jirgin ruwa ɗaya, Ever Given, da ya tokare mashigin Suez kwana 6 a Maris 2021, ya rikita ciniki a duniya. Mu ma ga tashoshin sauke kaya na tudu a Kaduna da Kano, suna buƙatar masu wannan ilimi.

Cewa ba a koyar da shi a gida kuwa ƙarya ce: cibiyar NITT ta Zariya tana horar da mutane kan sufuri tun 1986. Batun albashin miliyoyi daga watan farko kuma romon baka ne, saƙon bai kawo hujja ko ɗaya ba.

Inda cutarwar take shi ne alkawarin cewa duk wanda ya sami gurbi a Ingila zai tafi da matarsa da ’ya’yansa, kuma aiki yana jiransa. A kan wannan ne mutane ke shirin sayar da fili ko gonar gado.

Tun 1 ga Janairu 2024 Birtaniya ta hana masu karatun digiri na biyu irin na zaman aji tafiya da iyali. An bar damar ga masu digiri na bincike, kamar digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Kwas na shekara ɗaya da ake tallatawa ba ya cikin waɗannan. Bizar zama bayan kammalawa tana nan, shekara 2 ce, kuma za ta koma wata 18 daga Janairu 2027. Amma izinin neman aiki da yinsa ne kawai, ba a sabunta ta. Mai son ci gaba da zama sai ya sami kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin baƙi. Babu dillalin da ke da ikon yi wa kowa alkawarin aiki. A 2024 ma, wasu ɗaliban Najeriya sun rasa gurabensu a Ingila saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta.

Ban ga laifin uban da ya yarda da saƙon ba. Kafin 2024 an tafi da iyali da gaske, ya ga waɗanda suka tafi, kuma gaba mai kyau yake nema wa ɗansa. Wanda ya rubuta saƙon ne ba shi da uzuri, domin dokar a bayyane take. Masu tura shi ba bincike kuma su ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce za ta salwanta.

Mai son wannan karatu ya yi shi, ilimi ne mai amfani. Amma ya nemi gurbi kai tsaye daga jami’a, ya karanta sharuɗɗan biza a shafin gwamnatin Birtaniya, ya lissafa kuɗin makaranta da na zama da fam kafin ya taɓa kadararsa.