Yadda Kakar Wasa Ke Cin Ƙarfi da Zafin Naman Ɗan Wasa

Abu biyu masana motsa jiki ke aunawa idan suna son sanin halin da tsokar ɗan wasa ke ciki. Na farko ƙarfi, wato iyakar nauyin da zai iya ɗagawa ko turawa, ko da a hankali ne. Na biyu zafin nama, wato saurin fito da wannan ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kamar wajen tsalle, zabura da gudu, ko karo da abokin hamayya. Dukansu ana tara su ne kafin a buɗe kaka, amma ba tare suke raguwa ba.

Ɗaya daga cikin wasannin da aka bi diddigin wannan lamari a cikinsu shi ne zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda ya samo asali a Huddersfield ta arewacin Ingila a 1895, ya kuma yi ƙarfi a Ostireliya. Minti 80 ake yi ana gudu ana karo, mako bayan mako, har wata bakwai ko fiye. Binciken da Tim Gabbett ya wallafa a 2005 ya nuna cewa zafin nama da juriyar numfashi suna hawa a farkon kaka, lokacin da atisaye ya fi yawa, kitse kuma yana raguwa. Can wajen ƙarshe sai lamarin ya juya: atisaye ya ragu, wasanni sun yi tsanani, raunuka sun yawaita, tsalle ya yi ƙasa, kitse ya fara dawowa.

Sai dai wannan koma-baya ba dole ba ne. Daniel Baker, wanda ya daɗe yana horar da 'yan ƙungiyar zari-ruga ta Brisbane Broncos, ya wallafa a 2001 cewa ƙwararrun da suka ci gaba da ɗaga ƙarfe a tsakiyar kaka sun riƙe ƙarfinsu tsawon mako 29. Matasan da ba su kai su gogewa ba ma ƙaruwa suka yi, domin jikinsu na da sauran gurbin ci gaba.

Zafin nama ne ya fi saurin nuna gajiya, kuma dalilin a bayyane yake. Kowane karo da kowane birki na gaggawa yana yi wa zaren tsoka ƙananan yagewa. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan wasa tsallen ɗan wasa yakan ragu, alamun lahanin tsoka kuma sukan kwana da yawa a cikin jini. Idan wasa na gaba ya zo kafin jiki ya gama gyara kansa, gajiya ta hau kan gajiya ke nan. Ga kuma abin da Robert Hickson ya nuna tun 1980, cewa yawan atisayen dogon gudu yana tauye ƙaruwar ƙarfi idan aka haɗa su. Saboda haka mutum na iya ɗaga nauyin da ya saba ɗagawa, amma a fili a riga shi kai wa ƙwallo da taki guda.

A Parakou da Djougou na ƙasar Benin, ƙwallon ƙafa da kokawa ne ke tara jama'a, amma tsoka ba ta san sunan wasa ba. Ɗan wasan Buffles du Borgou ko na Panthères de Djougou yana ɗauke da wasu nauyaye na daban. Wasan waje a Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 400 daga Parakou, a zaune cikin mota gwiwa a lanƙwashe. Da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri, ta riƙa dukan agara da gwiwa. Zafin Maris da Afrilu yana tsotse ruwan jiki, kuma idan azumi ya faɗo cikin kaka sai lokutan ci da barci su sauya gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ajiye atisayen ƙarfi da zarar an fara gasa, wai don kada ƙafa ta yi nauyi. Wani bincike da Bent Rønnestad ya jagoranta a kan 'yan ƙwallon Norway a 2011 ya nuna cewa zama ɗaya a mako na ɗaga nauyi ya isa riƙe ƙarfin da aka tara, alhali waɗanda ke yi sau ɗaya a mako biyu sun yi asara. Abin da ake ragewa shi ne yawan maimaitawa, nauyin kuwa a bar shi yadda yake, a kuma sa zaman nesa da ranar wasa.

Sa ido a kan wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ɗan wasa ya shafa alli a yatsa, ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu ya taɓa, sannan ya yi tsalle ya sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin tabo biyun ita koci zai riƙa rubutawa kowane mako. Idan ta yi ta raguwa mako biyu ko uku a jere, hutu ɗan wasan ke buƙata, ƙarin gudu zai ƙara durƙusar da shi ne kawai. Abinci ma na nan kusa: sakwara tana mayar da makamashin da aka ƙona, wake da ƙwai da cukun Fulani da ake kira wagashi suna ba tsoka abin gyara.

'Yan kokawa suna bin irin wannan zagaye a nasu tsarin. Noman damina yana gina musu ƙarfi, fage kuma yana buɗewa bayan girbi. Wanda ya bi gari-gari yana kamawa ba hutu yakan iso ƙarshen rani da ƙarfin riƙo, amma saurin ɗaukar ƙafa ya ja baya. Bayan rufe kaka, hutun mako biyu zuwa uku ba ya rage ƙarfi sosai, yana ma ba zafin nama damar dawowa. Idan ya zarce haka ba tare da wani motsi ba, tsoka takan fara sakin abin da ta tara, sai shirin kaka mai zuwa ya soma daga ƙasa.