Me Ya Sa Yunwa, Zazzaɓi da Bashi Suke Haɗuwa a Tsakiyar Damina?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa watan Agusta fuska biyu gare shi. In ka dubi gona, ko'ina kore shar, gero ya fara fitar da kai, dawa ta kusa tsayin mutum. In kuwa ka leƙa rumbu, sai ka tarar an kai ƙasansa. A wannan lokaci ne tiyar hatsi take tsada a kasuwa, a nan ne asibiti yake cika da yara masu zazzaɓi, a nan ne kuma magidanci yake zagaya 'yan'uwa neman rance. Manomi ya daɗe da sanin haka. Abin da ya ɗauki masana lokaci shi ne auna waɗannan matsaloli uku, da gane cewa kowacce daga cikinsu tana ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi.

Tushen al'amarin yana sama. Duniya tana zagaya rana a karkace, da karkata ta kimanin digiri 23.5, saboda haka inda zafin rana yake sauka kai tsaye yakan gusa arewa, sa'an nan ya koma kudu, cikin kowace shekara. Idan ya guso arewa sai ya jawo iska mai laima daga Tekun Atlantika, damina ta sauka. Idan ya koma kudu sai busasshiyar iskar Sahara ta maye gurbinta, mu shiga hunturu. Sakamakon haka, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, kusan dukkan ruwan shekara yana zuba ne cikin wata huɗu zuwa biyar. Manomin da ba ya noman rani girbi ɗaya gare shi, amma cin abinci na kwana 365 ne.

Mai karatu zai yi mamakin yadda abu bayyananne kamar wannan ya daɗe bai sami kulawar da ta dace ba. Dalili ɗaya shi ne ɗabi'ar lissafin shekara. In aka tara abin da gida ya ci daga Janairu zuwa Disamba aka raba gida goma sha biyu, sai a ga kamar kowane wata an ƙoshi, alhali wadatar kaka ce ta lulluɓe yunwar marka. Dalili na biyu, wanda masanin raya karkara Robert Chambers ya sha nanatawa, shi ne jami'ai da masu bincike sun fi ziyartar ƙauyuka da rani, lokacin da hanya take biyuwa, mutane kuma sun murmure. A shekarar 1978 aka yi wani taro a kan wannan batu a Cibiyar Nazarin Ci Gaba da ke Sussex a Ingila, kuma a 1981 Chambers da Richard Longhurst da Arnold Pacey suka fitar da littafi daga takardun taron. Abin da ya fito fili a ciki shi ne, a yawancin ƙasashe masu zafi, damina ce lokacin da talaka ya fi shan wuya.

Gona da ƙarfin ɗan Adam

Wani ɓangare na hujjojin da suka kafa wannan fanni daga ƙasar Hausa aka samo shi. Cikin shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru sun bi manoma a wasu ƙauyukan Zariya, suna rubuta awowin da kowane gida yake yi a gona tsawon shekara. Sun gano cewa abin da ya fi taƙaita amfanin da manomi yake samu shi ne ƙarancin hannu a Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Ciyawa ba ta jira. Wanda ya makara da mako biyu ya riga ya yi asarar da ba za ta dawo ba.

Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ƙara wani haske a littafinta na 1972. Ta nuna cewa wanda hatsinsa ya ƙare da wuri dole ya tafi ƙwadago a gonar mai hali domin ya sami na cefane, ya bar tasa gonar ga ciyawa. Da kaka sai ya girbe kaɗan, rumbunsa ya sake ƙarewa da wuri baɗi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma binciken Batagarawa ya tabbatar da maganar a gona.

Abin da ma'auni ya nuna a Keneba

A matsayina na malamin ilimin halittu, nan ne batun ya fi jan hankalina. Keneba ƙauye ne a yankin Kiyang ta Yamma a ƙasar Gambiya, inda damina take ɗaya kamar tamu, daga Yuli zuwa Oktoba. Tun wajen 1950 Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila take ajiye bayanan haihuwa da mutuwa da nauyin mutanen wurin, kuma samun irin wannan dogon tarihi a karkarar Afirka abu ne mai wuya. Bayanan sun nuna cewa manya suna ramewa kowace damina, su mayar da jiki bayan girbi. Bayanin haka ba shi da wuya: aikin gona yana cin ƙarfi fiye da abin da ake samu daga abinci, sai jiki ya koma yana ƙona kitsen da ya ajiye.

Mai juna biyu ita ma tana wannan aiki, kuma ɗan da ke cikinta yana biyan nasa kason, domin jariran damina sun fi na kaka ƙarancin nauyi. An jarraba magance haka a ƙauyuka 28, inda aka riƙa ba masu juna biyu biskit mai gyaɗa kowace rana. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna nauyin jarirai ya ƙaru da giram 201 a lokacin yunwa, amma da giram 94 kacal a lokacin wadata. Ɗalibi ya lura da wannan sosai. Biskit ɗaya ne, mata irin ɗaya ne, amma amfaninsa ya ninka saboda lokacin da aka bayar.

A cikin shekarar 1997 ɗin ne kuma Sophie Moore da Andrew Prentice da abokan aikinsu suka ba da rahoto mai tayar da hankali: waɗanda aka haifa a Keneba da maƙwabtanta daga Yuli zuwa Disamba sun fi sauran fuskantar mutuwa a shekarun samartaka, galibi ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa. Sai dai da aka nemi irin wannan alama a Senegal da Bangaladash ba a same ta ba, saboda haka kada wanda aka haifa da damina ya tsorata. Haka kimiyya take, sakamako ɗaya ba ya zama doka sai an maimaita shi a wani wuri. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne binciken da aka buga a 2010 da 2014, wanda ya nuna cewa lokacin da aka ɗauki ciki yana barin wata alama ta sinadari a jikin wasu sassan DNA na yaro, alamar da take shafar yadda ƙwayoyin gado suke aiki ba tare da ta sauya rubutunsu ba.

Sauro da jinkirinsa

Macen sauro nau'in Anopheles gambiae tana son ƙananan kududdufai da rana take dukansu, har da sawun kofaton shanu da ruwa ya taru a ciki. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kimanin kwana 10 ne. In ta sha jinin mai ɗauke da cutar, ƙwayar Plasmodium tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ta isa yawun sauron. In ta ciji wani, ƙwayar takan fara ɓuya a hanta mako ɗaya ko biyu kafin ta faɗa jajayen ƙwayoyin jini, zazzaɓi ya tashi. In aka tara waɗannan kwanaki, aka ƙara da lokacin da sauro yake buƙata ya hayayyafa zuri'a bayan zuri'a, za a gane dalilin da ya sa zazzaɓi yake biyo ruwa a baya, ya yi tsanani daga Agusta har zuwa Oktoba.

An auna wannan dalla-dalla a Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike daga 1969 zuwa 1976. A inda abin ya fi muni, an ƙiyasta mutum ɗaya yana shan cizo mai ɗauke da cuta 145 a shekara, kuma 132 daga ciki da damina ne. Wato cutar tana sauka daidai lokacin da abinci ya yi ƙaranci, gudawa ta yawaita saboda gurɓacewar rijiyoyi, uwa kuma aiki ya yi mata yawa. Yaron da bai ƙoshi ba ya fi jigata, wanda ya kwanta kuwa cin abincinsa yana raguwa. A da akwai kurkunu ma, wanda yake kwantar da manomi a tsakiyar noma, kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013.

Ba kowace cuta ce ta damina ba. Sanƙarau na rani ne, yana tashi lokacin da ƙura da bushewar iska suka raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ya lafa da saukar ruwa. Annobarsa ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Amma shi yakan tarar da rumbu da sauran hatsi.

Sayar da araha, saye da tsada

Da kaka kowa yana da hatsi, kowa kuma yana da buƙata: bashin damina, kuɗin makaranta, biki. Hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Bayan wata bakwai ko takwas, manomin da ya sayar shi ne zai dawo saye da tsada. In aka duba da kyau, wannan rance ne ya ci daga kasuwa, kuma bambancin farashin shi ne ruwan da ya biya.

An gwada wannan fahimta a gundumar Bungoma ta yammacin Kenya. Marshall Burke da Lauren Bergquist da Edward Miguel sun bi manoman masara da aka ba rance daidai lokacin girbi, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba ba. A rahotonsu na 2019, masu rancen sun riƙe masararsu sun sayar daga baya, ribar ta kai kashi 29 cikin 100 na abin da aka ranta. A gabashin Zambiya kuwa an ba da rancen ne a lokacin yunwa, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna masu shi sun rage zuwa ƙwadago, sun ƙara aiki a gonakinsu, amfaninsu ya ƙaru. Abin da Polly Hill ta gani da ido a Batagarawa, ga shi an tabbatar da shi da gwaji bayan kusan shekara hamsin. A Jamhuriyar Nijar, tun daga ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma suke ajiye hatsi a sito a matsayin jingina, su karɓi rance, su fanshe shi idan farashi ya tashi. Dabarar tana da haɗarinta, domin akwai shekarun da farashi ba ya tashi, mai ajiya ya kwana ciki.

Ajiya kuma ba ta yiwuwa in ƙwaro zai cinye. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ya samo asali daga aikin Jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike na Marwa a arewacin Kamaru, darasi ne na numfashi. Ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwaron wake ya shaƙe iskar oksijin da ta rage, ya daina ci da hayayyafa, daga bisani ya mutu, ba tare da an zuba magani ba.

A fannin lafiya ma an koma ga kalanda. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata, tsawon watannin da cutar take tsanani, a yankin Sahel. Gwaje-gwaje sun nuna hakan yana rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100. An fara shi a Jihar Katsina a 2013, daga nan ya bazu zuwa sauran jihohin Arewa. Magungunan ba sababbi ba ne, sabon abin shi ne sanin watan da za a ba da su.

Ga malaman sakandare, wannan bincike ne da aji ɗaya zai iya yi ba tare da ɗakin gwaji ba. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili domin auna ruwan sama da rula, a sa ɗalibai biyu su riƙa rubuto farashin tiyar gero kowace ranar kasuwa, a kuma roƙi ƙaramin asibitin gari adadin masu zazzaɓi na kowane wata, ba tare da sunan kowa ba. A ƙarshen shekara a zana layukan uku a takarda ɗaya, sa'an nan a bar ɗalibai su ƙirga makonnin da ke tsakanin ƙololuwar ruwa da ƙololuwar zazzaɓi a garinsu.