Fis ɗin da ke ƙonewa ba shi da laifi

Da zarar hunturu ya shigo, sai labarin gobara ya yawaita a gidaje da kasuwanni, kuma kusan kullum bayanin ɗaya ne: "Wuta aka kawo da ƙarfi." Hakan yana faruwa, babu musu. Sai dai mun riƙe wannan magana har ta hana mu duba abin da muke aikatawa da hannunmu a jikin bango.

Wutar da ke shiga gidajenmu a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230. Kowace na'ura kuma tana jan nata kason, wanda ake aunawa da amfiya. Lissafin ba wuya: a raba wat ɗin da ke rubuce a jikin na'urar da 230. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, dutsen guga mai wat 1,200 yana jan fiye da 5. Filogi mai ƙafa uku kuwa iyakarsa amfiya 13. Ke nan hita da dutsen guga kaɗai, idan suka haɗu a kan ekstenshan ɗaya, sun riga sun wuce gona da iri, tun ba a jona firji ba.

Duk wayar da wuta ke bi tana ɗaukar zafi. James Joule, masanin Ingila, ya nuna a farkon shekarun 1840 cewa zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar: idan aka ninka amfiya sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu; sau uku, ya ninka sau tara.

Domin wannan aka yi fis. 'Yar siririyar waya ce da aka raunana da gangan, don ta riga sauran narkewa ta yanke hanya. Manomin shinkafa a fadama yakan bar wata 'yar kafa a jikin kunya, idan ruwa ya yi yawa ya fita ta nan. Wanda ya toshe kafar da laka don ya gaji da ganin ruwa na zuba, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kunyar ce gaba ɗaya za ta ɓalle.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaukar ƙonewar fis a matsayin rashin ƙwari. Sai ka ji mai gyara yana cewa, "Alhaji, bari in sa maka wanda ba zai sake ƙonewa ba." Ya naɗa waya mai kauri, ko takardar sigari, wani ma ƙusa. Wasu sukan yanke filogin ɗungurungum, su cusa tsirarar waya cikin soket, su danne da tsinken ashana. Fis ya daina ƙonewa, gaskiya ne, amma zafin ya koma cikin wayar da ke bayan silin, inda ido ba ya kaiwa.

Ga kuma matsalar wayar kanta. A ƙa'ida, mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, soket kuma 2.5 yake buƙata. Sai a ja siririyar ko'ina don rage kuɗi, ko a sayo jabu wadda jan ƙarfen cikinta bai kai abin da aka rubuta ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki takan sanar da kama irin waɗannan wayoyi, amma da wuya mai saye a kasuwa ya iya tantancewa, kuma shaguna nawa ne wani jami'i ya duba wayarinsu kafin a ba su wuta?

Idan fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, a fara cire kayan da ke jone, a lissafa wat ɗinsu, sannan a mayar da fis mai lamba daidai da wanda aka cire. Idan ya sake ƙonewa alhali kayan ba su yi yawa ba, to wataƙila akwai inda wayoyi biyu ke taɓa juna, kuma aikin ƙwararre ne ya nemo wurin.