Yadda Babbar Manhajar Kwamfuta Ke Jera Faya-fayan Ajiya Lokacin Gano Su

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana dalilin da ya sa faifan ajiya ɗaya kan amsa wani suna yau, gobe kuma ya amsa wani, alhali kwamfutar ba ta sake ba. Za mu ɗauki misalanmu daga Linux, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili.

A tsohon tsarin IDE, wurin da aka jona faifai shi ne sunansa. Kowace igiya tana ɗaukar faifai biyu: na igiyar farko su ne hda da hdb, na ta biyu kuwa hdc da hdd. Ko da an cire hdb, hdc yana nan a hdc ɗinsa. Tsarin SCSI ba haka yake ba, kuma hanyarsa ce faya-fayan SATA da filash na USB suka bi. A nan, wanda aka fara ganowa shi ne sda, mai bi masa sdb, ba a barin gurbi. Tun daga fitowa ta 2.6.19 a shekarar 2006, sai su ma tsofaffin faya-fayan IDE suka fara shiga wannan layi.

Watau dai sunan tamkar lambar layi ce a asibiti: ta wanda ya riga isowa ce. Abubuwan da ke sa wani ya riga wani kuwa su ne direban da aka fara lodawa, da kafar da aka fara bincika, da kuma saurin amsawar faifan kansa, don mai juyawa sai ya ɗau sauri kafin ya amsa. Bugu da ƙari, a fitowa ta 5.3, a shekarar 2019, aka mai da binciken ya zama ana yin sa a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, domin kwamfuta ta tashi da wuri. Lalle an sami saurin, amma jerin ya ƙara rasa tabbas. Windows, tun daga Windows 2000, takan rubuta harafin da ta ba kowane ɓangaren faifai ta tuna da shi, shi ya sa masu amfani da ita ba su cika lura ba.

Wannan ba zancen masana ba ne kaɗai. Alal misali, mai gyara a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, ko a wani shago a Gyaɗi-gyaɗi, ya tashi kwafe tsohon faifan mai kaya zuwa sabo da umarnin dd. Jiya tsohon ne sda. Yau, da filash a jone, jerin na iya juyawa, sai ya kwafe wofi a kan aikin shekaru. Umarnin ba ya tambaya, ba ya kuma komawa baya.

Maganin da aka fi sani shi ne lambar UUID, wadda ake rubutawa a cikin ɓangaren faifai ranar da aka tsara shi, kamar sunan yanka. A ganinmu ita ce ta dace da fayil ɗin fstab. Sai dai ga mai kwafi ba ta wadatar ba, domin dd yakan kwafe har da ita, faifai biyu su tashi da lamba ɗaya. Abin dogaro a nan shi ne sunayen da udev ke ajiyewa a /dev/disk/by-id, waɗanda ke ɗauke da lambar da kamfani ya buga a jikin faifan, wadda mai gyara zai iya karantawa da idonsa ya gwada kafin ya ba da umarni.